Yadda na sayi na'urar kallon taurari, daga kwalin shago har tsakar gidanmu a Kawo

Abin ya samo asali ne a watan Oktoban 2024, lokacin da tauraruwa mai wutsiyar nan da ake kira Tsuchinshan-ATLAS ta riƙa fitowa ta yamma bayan sallar magariba. Ni dama tun ina yaro ina da son kallon sama, in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin zafi kowa na hira ni idona na sama, Hajiyarmu ce ta fara nuna min Kaza da 'Ya'yanta da Zara matar wata, amma ban taɓa mallakar wani abin kallo ba sai idon da Allah ya ba ni. To da labarin tauraruwar ya bazu sai na aro madubin hangen nesa na hannu, irin mai ido biyun nan, wajen wani abokin aikina, an rubuta 10x50 a jikinsa. Na hau benen maƙwabcinmu da ba a gama ginawa ba, na ɗaga shi saman inda rana ta faɗi, sai ga ta, ɗan kai fari da wutsiya doguwa ta miƙe sama kamar an ja alli a allo an shafa da hannu. Ban sauko ba sai da aka kira isha'i.

Ba a yi kwana goma ba wuta ta ɗauke a kusan duk Arewa. Wanda yake Kaduna a lokacin ya san wahalar da aka sha, sama da mako guda, ruwa ya yi tsada, masu niƙa da masu walda duk sun zauna, ba abin daɗi ba ne ko kaɗan. Sai dai a dararen nan in masu janareto sun kashe saboda tsadar mai, saman garin nan yakan koma irin wanda na sani a ƙauyen kakanninmu, har farin zirin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama ana gani. A wani dare na jingina madubin aron a kan katanga don kar hannuna ya yi rawa, na saita wata tauraruwa mai haske da ta taso daga gabas, manhajar Stellarium da ke wayata ta ce min duniyar Mushtari ce, sai na ga wasu 'yan ɗige-ɗige ƙanana manne a gefenta. Watanninta ne. A daren nan na ƙudurta a raina in Allah ya yarda sai na mallaki nawa na kaina.

Wurin farko da na je wani shago ne a cikin gari da ke sayar da kyamarori da kayan waya. Akwai guda ɗaya a saman kanta, kwalin ya sha ƙura amma hotunan jikinsa kam masu ɗaukar ido, duniyar Zuhal da zobenta ja da ruwan ɗorawa, an rubuta da manyan baƙaƙe wai yana jawo abu sau 675. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ai har tutar da Amurkawa suka kafa a wata za ka gani." Ina jin shi ma haka aka gaya masa, ban ɗauka yaudara yake nufi ba, amma babu na'urar da ke doron ƙasa da za ta iya nuna tutar nan, ko manyan da ke kan duwatsun ƙasar Chile. A lokacin ni ban san haka ba. Na roƙe shi ya haɗa min a bakin shago, muka saita wata eriyar sadarwa da ke nesa, to abin da ya fara sa jikina sanyi shi ne ƙafafun, siraran ƙarfe uku kamar na lema, ina taɓa wurin gyara gani komai sai ya hau rawa, kafin ya tsaya eriyar ta fice daga gani. Duk da haka wallahi saura ƙiris in tura masa kuɗin, lambar nan 675 ta shiga raina. Abin da ya hana ni kawai shi ne netwok ɗin banki ya ƙi a ranar, na ce zan dawo gobe.

Da daddare na kira malamin da ya koyar da mu fiziks a sakandare, ya yi ritaya yanzu, ya ce in zo gida da safe. Na nuna masa hoton kwalin a waya, ya ɗan duba ya ce, "Ɗana, zauna tukunna. Faɗin bakinsa nawa ne?" Na ce Malam ban duba ba. Ya sa yatsa ya buɗe hoton, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta 60 da 900. Ya ce to faɗin gilashinsa milimita 60 ke nan, 900 kuma nisan da haske ke tafiya daga gilashin zuwa inda yake haɗuwa wuri guda. Ya ɗauko biro ya yi min lissafin a bayan wata takarda, ka raba 900 da lambar ɗan gilashin da ake sa ido a kai, nasu mafi ƙanƙanta milimita 4 ne, ya ba ka 225, sai su ƙara wani gilashi da ake kira Barlow mai ninkawa uku, ga 675 ɗinka. Ya ce lissafin ba ƙarya ba ne, amma abin da za ka gani duhu ne da dishi-dishi, kamar ka ɗauki hoto da ƙaramar waya ka yi ta buɗe shi da yatsa, girma zai ƙaru amma fuskar mutum ba za ta ƙara fitowa ba. Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce ka ninka faɗin bakin sau biyu, nan ne iyakar jawowa mai amfani, wato na shagon nan bai wuce 120 ba ko da gilashinsa mai kyau ne.

Sai ya kawo min misalin da har yau shi nake ba duk wanda ya tambaye ni. Ya ce in ana ruwan sama wani ya kafa kofi wani ya kafa baho, wa zai fi tara ruwa? Hasken taurari haka yake sauka, kaɗan-kaɗan, aikin na'urar shi ne ta tara shi. Ƙwayar idon mutum in ta buɗe iyakar buɗewa a duhu ba ta wuce milimita 7, gilashi mai 60 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 70 da wani abu, madubi mai 130 kuwa kusan sau 345. "Faɗi za ka saya," in ji shi, "da gindin da ba ya rawa. Sauran duk daga baya ne."

Daga nan na shiga bincike gadan-gadan, kusan wata guda data ta na ƙarewa a YouTube. Na fahimci iri biyu ne manya. Akwai mai gilashi a gaba, irin wanda Galileo ya kalli Mushtari da shi a farkon 1610, rufaffe ne, ƙura ba ta shiga, ba ya buƙatar saiti, amma in faɗinsa ya wuce milimita 80 ko 90 kuɗinsa sai ya tashi sama sosai. Akwai kuma mai madubi a ƙasan bututu, wanda Isaac Newton ya ƙera a 1668, haske ya shiga ya daki babban madubi ya dawo kan wani ƙarami da ke karkace kusa da baki, shi kuma ya turo shi gefe inda kake sa ido. Wannan shi ne mai arha in ana maganar faɗi. Sunayen da na fi cin karo da su Celestron da Sky-Watcher, kowanne yana da iri-iri daga na yara har wanda sai mota ta ɗauka.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar gindi, kuma nan ne na ga shawarar mutanen Turai ba duka ce ta dace da mu ba. Akwai wani gindi mai ƙafa uku da ƙarfen nauyi a gefe, an yi shi ne don ya bi juyawar sama, amma sai ka fara saita shi da tauraruwar arewa wadda ba ta motsi. Su a Ingila tauraruwar nan tana sama da digiri 50 daga ƙasa, ɗaga kai kawai za su yi. Mu Kaduna muna kan digiri 10 da rabi ne arewa da tsakiyar duniya, don haka tana can ƙasa-ƙasa, a gidanmu katanga da bishiyar mangwaron maƙwabta sun rufe ta gaba ɗaya, kuma na karanta cewa a wasu ƙananan gindunan in ka kwantar da su ƙasa haka ƙarfen nauyin yakan daki ƙafa. Ga kuma maganar da dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, su sukan ce ka loda kaya a mota ka fita bayan gari inda babu fitila, mu a halin tsaron da ake ciki wane mai hankali ne zai je ya tsaya a daji da tsakar dare da bututu a hannu? Kallona a tsakar gida zai kasance, don haka ina son abin da zan ɗauka da hannu ɗaya in fito da shi bayan isha'i in mayar kafin barci. Sai hankalina ya koma kan irin gindin da John Dobson ya yaɗa a Amurka, akwatin katako ne kawai mai juyawa dama da hagu, sama da ƙasa, ka tura da hannu ya tsaya inda ka bar shi. Mutumin ya burge ni, da tarkacen katako da kwali ya riƙa haɗa nasa yana fito da su bakin titi a San Francisco duk mai wucewa ya leƙa kyauta.

Raina ya so mai faɗin 200, kowa shi yake yabo. Amma bututunsa kaɗai ya haura mita ɗaya, da gindin ya fi kilo 20, kwali biyu manya, da na tambayi kuɗin ɗauko shi sai na ga dakon zai kusa kamo kuɗin kayan. Na haƙura na tsaya a kan mai 130 da tsawon haske 650, irin wanda bututunsa ke zugewa ya shige ciki, kilo shida da ɗoriya, ana ɗora shi a kan tebur. Ba zan faɗi kamfanin ba don kar a ce talla nake. Abu ɗaya da na dage a kai, na tabbatar madubin irin wanda aka ƙwaƙule shi da siffar da ake kira farabola ne, don a gajeren bututu irin wannan in ba shi ba ne hoton ba ya fita tas.

Kuɗin adashina na ofis na yi niyyar sawa, kuma ban ɓoye wa uwargida ba. Ta yi shiru ta ce, "Abbansu, in dai ba zai taɓa kuɗin makarantar yara da na cefane ba, ni na san tun da na aure ka kake maganar taurarin nan." Wannan maganar ta sauke min nauyi sosai.

Biyan kuɗin shi ne wani aikin. A lokacin katin naira ba ya sayayya a shagunan waje, dala kuma ta haura naira 1,500, kullum ka duba farashi sai ka ga lissafinka na jiya ya rushe. Wani ɗan ƙanin babanmu da ke karatu a Ingila shi ya saya min da katinsa na tura masa naira, aka kai kayan ofishin masu kago da ke ɗauko kaya zuwa Legas. A nan na koyi wani abu da ban taɓa sani ba, su ba nauyin sikeli kawai suke caji ba, suna auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita su ninka su raba da 5000 ko 6000, ya danganta da kamfani, in abin da ya fito ya fi nauyin gaske to shi za ka biya. Kwalina rabinsa soso ne da iska amma sai da na biya kusan ninki biyu na kilon da na lissafa. Ɗan uwan nawa ya ce ko a cire soson a matse kwalin, na ce a'a don Allah a bar shi yadda kamfani ya naɗe, madubi ne a ciki. Duk wanda zai yi irin wannan oda ya tambayi girman kwali tun kafin ya biya, ya kuma tabbatar kuɗin kwastam yana cikin abin da aka caje shi ko ba ya ciki.

An ce min kwana goma, sai da ya yi sati huɗu. Daga Legas aka yi min webil a motar haya, direban ya kira ni da asuba ya ce in same shi a tashar Mando. Na tarar da kwalin a ƙarƙashin wani buhu, kusurwa ɗaya ta lotse, gabana ya faɗi. Ban bar tashar ba sai da na ɗaga shi kusa da kunnena na ɗan girgiza a hankali, ban ji ƙarar fasasshen gilashi ba, na ce alhamdulillahi. A keke napep a kan cinyata na riƙe shi har gida, duk ramin da za mu shiga sai na ce wa mai keken, "Malam, don girman Allah a hankali."

Madubin lafiya lau, sai dai jijjigar hanya ta karkatar da saitinsa, wannan kuma dama an ce a sa rai da shi. A cikin kwalin akwai wani ɗan murfi mai huda a tsakiya, ka sa shi a wurin ido ka leƙa, sai ka ga madubai da inuwar idonka da'ira cikin da'ira, a tsakiyar babban madubin akwai wani ɗan zobe da aka manna, aikinka ka riƙa murɗa notina uku da ke bayan bututun kaɗan-kaɗan har zoben ya zo daidai tsakiya. Ranar farko na fi awa ɗaya ina yi, in murɗa in zagayo in leƙa in ga na ƙara ɓata shi, yanzu kuwa minti biyu ya ishe ni. Wurin gyara ganin ma ya ɗan yi sako-sako, farin tef ɗin masu gyaran famfo na naɗa wa zaren ya kama daram. Sannan ɗan abin saiti mai jan ɗigo da ke saman bututun, da la'asar na daidaita shi da hasumiyar masallacin da ke can nesa, na juya wa rana baya. Wannan maganar ta rana ba ta wasa ba ce, duk wanda ya kalli rana da na'urar nan ko na ƙiftawar ido ne zai iya rasa idonsa har abada, shi ya sa da rana a ɗaki take a kulle kuma na tara yaran gidan na ja musu kunne sosai.

Teburin gidanmu na roba ne, yana rawa. Na je Panteka wajen wani kafinta na zana masa abin da nake so, kujera mai ƙafa uku ta katako mai kauri, tsayinta ya kai gwiwa da ɗan ɗori, saman da faɗi, da ramuka uku inda ƙafafun na'urar za su zauna. Ya ce, "Yallaɓai me ya sa uku, ba huɗu ba?" Na ce ai tsakar gidanmu ba a shafe take daidai ba, mai uku ko'ina ka ajiye ta za ta zauna. Kwana biyu ya gama, kuma aikin ya yi kyau ƙwarai. Telan unguwarmu kuma ya ɗinka min riga ta baƙin yadi mai roba a baki biyu da ke rufe buɗaɗɗen ɓangaren bututun, saboda hasken fitilar solar maƙwabta da kuma ƙura.

Kafin in fara fito da ita sai da na je na gaida mai unguwa na yi masa bayani, na kuma nuna wa shugaban 'yan sintirinmu. Baƙin bututu da ake saitawa sama da daddare, a garin da mutane ke kwana da fargaba, bai kamata wani ya hango ta saman katanga ya yi zaton wani abu ba. Mai unguwa ya tambaye ni ko harkar duba ce, na ce ranka ya daɗe ko kusa, wannan kallon halittar Ubangiji ne kawai, babu ruwansa da sa'ar mutum ko aurensa. Ya ce to in an saita a kira shi.

Daren farko a ƙarshen Disamba ne, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gefen sama ko'ina har fitilun gari sun mayar da shi ja-ja. Na ɗan karaya. Amma Mushtari a lokacin tana hawa kusan tsakar ka, a watan ne ma ta fi kusa da mu, kuma can sama ƙurar ba ta kai ta gefe kauri ba. Na fito da na'urar na bar ta kamar rabin awa madubin ya huce ya yi daidai da sanyin waje, na kashe fitilar tsakar gida, na sa gilashin ido mai lamba 25 wanda ke jawowa sau 26, na ɗora jan ɗigon a kanta na leƙa. Farin ƙwallo ɗan ƙarami da ɗigo uku a jere kamar an ja layi da rula. Na canza zuwa mai lamba 10, sau 65 ke nan, na murɗa a hankali, sai ga zirin gajimare biyu masu ruwan ƙasa sun ratsa ta. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba. Abin da ke nesa da mu sama da kilomita miliyan 600, hasken da ke shiga idona ya fi rabin awa a hanya, ga shi ina kallo daga gefen rijiyar gidanmu sanye da rigar sanyi. Minti uku ba ta yi ba ta sulale ta fice daga gani, na ɗauka na ture na'urar ne, ashe juyawar ƙasa ce nake gani da idona, dole ka riƙa ɗan turawa kana bin ta, kuma da yake hoton a kife yake zuwa sai hannunka ya saba da tura abu ta inda ba ka zata ba. Washegari da na duba ɗigon sun zama huɗu kuma sun sauya wuri. 'Yata ta fari ta samo littafi ta fara zana su kullum da kwanan wata, ba ni na sa ta ba.

Wata kuwa sai a Rajab muka same shi da kyau, yana kwana bakwai zuwa takwas. Mutane sun ɗauka daren sha huɗu ya fi daɗin kallo, a'a, ranar haske ne kawai mai kashe ido, ramukan sun fi fitowa a kan iyakar haske da duhu inda inuwa ke da tsawo. Mai unguwa ya zo da limamin masallacinmu. Liman ya cire tabarau ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba, yana ta tasbihi ƙasa-ƙasa. Na nuna masa wani babban rami mai ɗan tsauni a tsakiya na ce Malam wannan sunan masanin taurari Al-Battani aka sa masa, Turawa na cewa Albategnius, ga wani can kuma Arzachel, wato Az-Zarƙali na Andalus. Ya ɗago ya ce to ai mu ma a zaure an karantar da mu manzilolin wata 28, Surayya da Dabaran da sauransu, da su tsofaffi ke lissafin shuka. Na juya na'urar na nuna masa Surayyar, wato Kaza da 'Ya'yanta, ido na ganin shida ko bakwai amma a ciki sun cika gilashin fal kamar an watsa gishiri a baƙin mayafi, sannan Dabaran ja, wadda har yau a taswirar Turawa Aldebaran take, a kusa da Mushtari.

Ba komai ne ya zo yadda na zata ba, gara in faɗa. Zuhal da nake ta ɗoki na same ta ƙarama, zoben kamar an soke ƙwallo da allura, saboda a watan Maris na 2025 ne zoben ya juyo mana da gefensa, sai nan da 'yan shekaru zai sake buɗewa sosai. Gajimaren da ke ƙasan taurari ukun nan masu jere, wanda a hoto ake ganinsa ja da shuɗi, a ido toka-toka ne kamar hayaƙi da 'yan taurari huɗu a cikinsa, launin nan kyamara ce ke tara shi. Ƙura kuma ita ce babbar abokiyar gabarmu a nan, sati biyu kawai na ga ta kwanta a madubin, hannuna har ƙaiƙayi yake in goge amma Malam ya hana ni, ya ce shafin da ke kan madubin siriri ne ƙwarai, tsumma zai karce shi, 'yar ƙura ba ta rage gani kamar yadda karce ke yi. Yanzu ina gamawa nake rufe murfi in sa ta a babbar leda in ɗaure.

Ranar Juma'a 28 ga Fabrairu, 29 ga Sha'aban, tun la'asar mutanen layinmu ke aiko yara wai a fito da na'ura a nemi watan azumi. Na ce sai rana ta faɗi gaba ɗaya tukunna. Muka hau benen nan da na ga tauraruwa mai wutsiya, mu kusan goma sha biyar har da Hajiya da aka riƙo hannunta a matakala. Na bi gefen yamma a hankali da mai lamba 25, sama da ƙasa, dama da hagu, babu komai sai jan hazo, jinjirin bai kai kwana ɗaya ba kuma yana ƙasa sosai cikin ƙura. Da na ga lokaci na tafiya sai na ɗaga bututun kan Zara da ke sheƙi a sama don kar mutane su sauka ba su ga komai ba. Wani matashi ya fara leƙawa, kawai sai ya daka tsalle, "Wallahi ga wata! An ga wata!" har ya zaro waya. Na riƙe hannunsa na ce tsaya, wannan ba wata ba ne, Zara ce, ɗago kanka ka bi bututun da ido ka ga inda ya nufa. Ita ma tana da jinjiri da rabi kamar wata saboda ta fi mu kusa da rana, a lokacin kuma siririyar lauje ce sak. Na maimaita wa kowa sau biyu, don maganar ibadar mutane ce, ba na son a ce daga benen nan labarin da ba haka ba ya fita.

Hajiya ce ta ƙarshe. Na sauke mata kujera, na riƙe mata gefen mayafi don kar ya taɓa gilashin, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu ta leƙa. Ta daɗe. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wannan, Zarar ce haka?" Na ce ita ce Hajiya. Ta ce, "Ikon Allah. Shekara nawa ina ce muku matar wata, ashe har kama suke."

Muna saukowa aka kira isha'i, bayan sallah muka ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a rediyo cewa an ga wata a wasu garuruwa, gobe Asabar ɗaya ga Ramadan. Washegari bayan mun sha ruwa, ko cokalin kunu ban gama ba 'yata ta ja ni waje, jinjirin ya fito ƙarara ba sai da na'ura ba, ga Zara a samansa kaɗan. Na saita mata watan ta kalla, ta tura bututun da kanta zuwa Zara ta kalla, ta sake dawowa kan watan, sannan ta ruga ɗaki ta ɗauko littafinta da fensir.